Abin da Ya Saura na Muryata

Gwagwalada,
Litinin, 8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Malam Saleh,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Rekiya da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar Iya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na fara da gaisuwa ne domin haka aka tarbiyyantar da mu, ba domin zuciyata ta huce ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a zamanin da kowa ke yawo da waya a aljihu. Dalilin shi ne ainihin abin da ya kawo ni: likita ta hana ni magana.

Ka san tun farkon damina muryata ke dushewa. Kai da kanka ka ce sanyi ne, ka aiko mini da citta da zuma. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, matata Ikilima ta tasa ni gaba zuwa wani asibiti a Maitama, wurin wata likitar maƙogwaro, Dokta Juliet. Ta zura mini siririyar kyamara ta hanci, ta juyo da allon na'urar ta nuna mini. Wani ɗan ƙari ne ya tsiro daidai inda murya ke fita, bai fi ƙwayar dawa ba, ga kumburi kewaye da shi ja wur. Ta sa ranar tiyata, talatin ga wannan wata, bisa sharaɗi guda: ranar ashirin da uku za ta sake dubawa, in kumburin bai sauka ba, ba za ta sa wuƙa ba. Ta ce maganin kumburin shiru ne. In na yi shiru, tana sa ran muryata ta dawo yadda take. In na ƙi, ba ta ɗauki alkawarin komai ba.

Shugaban makarantar gwamnati da nake koyarwa a hanyar Paikon Kore, mutumin da ko gidana bai sani ba, yana jin haka ya ɗauke mini azuzuwa ya mayar da ni ɗakin littattafai. Saura makarantarmu ta yamma a Apo, wadda ni da kai muka kafa shekara goma sha ɗaya da suka wuce a rumfar kwano bayan garejin makanikai, domin manyan da karatu ya kuɓuce wa su samu su rubuta jarrabawar kammala sakandare. Na zauna na auna nauyinta a kaina, abin da ban taɓa yi ba. Kwana huɗu a mako ina tashi daga aikin safe ƙarfe biyu, in shiga mota uku kafin in iso Apo, in tsaya sa'a biyu da rabi ina rera waƙa da ƙarfin tsiya domin muryata ta haye ƙarar janareta da gudumar masu bugun jikin mota. Wannan shi ya ci maƙogwarona. Shi ya sa makon jiya na aiko maka da ɗan saƙo cewa wata lalura ta same ni, ina roƙon a rage mini kwanakin daga huɗu zuwa ɗaya. Ban faɗi sunan lalurar ba, domin ban saba tallar ciwona ba.

Me ka yi? Ba ka tambaye ni ba. Ka shiga zauren WhatsApp na ɗalibanmu, mutum arba'in da uku, ka rubuta: "Sha'irinmu ya samu 'ya'yan manya a Maitama, ku taya shi murna. Warin baƙin mai ya ishe shi." Hujjarka ita ce surukinka Manniru, da ke tuƙa wani oga a can, ya gan ni sau biyu ina sauka daga tasi sanye da babbar riga. Eh, ya gan ni. Na sa babbar riga ne domin tsoro nake ji, kuma mai jin tsoro yakan so a gan shi da mutunci. Da Manniru ya ɗaga kai, da ya karanta abin da aka rubuta a bakin ƙofar da na shiga.

Na san jarrabawa na nan tafe a Nuwamba. Na san Hausa ce darasin da yawancinsu suka jingina da shi, kuma rubutacciyar waƙa ce ta fi ba su wuya. Ban ce zan gudu ba. Ga abin da nake nema: Asabar kaɗai, da alli da allo, ba da baki ba, har a yi aikin in warke. Sauran kwanakin zan riƙa aiko da darasi a rubuce. Sannan ka koma zauren nan ka janye abin da ka faɗa.

Na ba ka murya shekara sha ɗaya,
Ka ba ni hutu na wata ɗaya.

Ka gaishe mini da Iya, ka ce ina yi mata addu'a.

Abokinka tun Zariya,
Hafizu.

*

Gwagwalada,
Juma'a, 12 ga Satumba.

Malam Saleh,

Aminci ya tabbata ga iyalanka. Ina fatan kowa lafiya, kuma ruwan jiya bai shiga rumfar ba, domin na san kwanon kusurwar gabas har yanzu yana yoyo.

Amsarka ta iso, layi biyar a bayan takardar jarrabawar lissafi. Ka ce in har gaskiya ne, in aiko da takardar likita mai hatimi. Ka ce ka san ni, mutum ne da in sauro ya cije shi sai ya yi masa baiti arba'in. Sannan ka tuna mini da Kano.

To, bari in ɗauke maka nauyin Kano, tun da shekara uku kana goye da shi. Gaskiya ne na ce maka zazzaɓi ya kwantar da ni, alhali taron marubuta waƙa na tafi. Gaskiya ne ka tsaya mini a aji kwana uku, kana ta sa ɗalibai su yi mini addu'a, sai ga bidiyona a wayar ɗaya daga cikinsu ina rera waƙa a kan dandamali da hula a karkace. Na ji kunya, na ba ka haƙuri a gaban Rekiya, ka ce ya wuce. Ashe bai wuce ba, ajiye shi ka yi a aljihu kana jiran ranar da zai yi amfani.

Amma takardar likita? Saleh, ni da kai muka kwana a tabarma ɗaya a kwalejin horon malamai. Ni na riƙe maka kai ranar da aka binne mahaifinka. Kai ka raɗa wa 'yata Yusra suna. Shekara ashirin da bakwai, sai yau kake neman hatimi a kan maganata, kamar wani ma'aikacin da ka ɗauka jiya? Takardar tana nan a cikin Alƙur'anina, Ikilima ta ce in aiko maka a huta. Na ƙi. Amincin da sai an buga masa hatimi kafin ya tsaya, gara ya faɗi.

Ka kuma ce ɗalibai na cewa na yashe su, har Hadijatu mai abinci, wadda ke rufe tukunyarta ƙarfe biyar ta shigo aji da littafi a cikin kwandon kwanuka, ta tambaye ka ko sun yi mini laifi ne. Wannan ya soke ni fiye da duk abin da ka rubuta, kuma na san shi ya sa ka rubuta shi.

Saboda haka zan zo ranar Alhamis. Zan tsaya a gabansu su ga halin da nake ciki da idonsu. Ba zan furta ko harafi ɗaya ba, alli zai yi mini magana. Abin da nake roƙo guda ne: ka zauna a ajinka na lissafi, ka bar ni da nawa.

Wassalam.
Hafizu.

*

Gwagwalada,
Juma'a, 19 ga Satumba.

Saleh,

Sallama ga Iya da Rekiya da yaran da ba su san komai ba. Allah Ya ba su lafiya. Kai kuwa na san lafiyarka ƙalau, jiya na ji dariyarka.

Zan rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ba domin ba ka wurin ba, sai domin kada gobe ka ba da labarinsa ta wata fuska.

Na shiga aji, na rubuta a saman allo cewa likita ta hana ni magana, yau da alli za mu yi. Suka yi dariya, da suka ga ban yi ba suka yi tsit. Na rubuta baitocin farko na waƙar da ke cikin manhajar bana, na bi su gaɓa-gaɓa ina sa alama, wannan mai nauyi, wannan marar nauyi, ina yanka kowane ɗango ƙafa-ƙafa domin su ga yadda karin yake tafiya. Rabin sa'a muna haka. Wasu sun fara kamawa. Sai Hadijatu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wallahi wannan zane-zanen ba ya shiga kaina. In ba a rera ba, kamar an zubo mini shinkafa ba miya." Aji ya fashe da dariya. Na ɗaga mata hannu alamar ta yi haƙuri, na juya zan ƙara bayani a allo.

Nan ka shigo. Na roƙe ka kada ka shigo, ka shigo. Ka ɗauki littafina daga kan tebur, ka ce, "Tun da Sha'iri ya zama bebe, bari mai lissafi ya taimaka." Ka fara rerawa.

Saleh, kowa zai iya cewa kuskure ne, ban da ni. Ni na san ka iya. A Zariya kai kake amsa mini in ina rerawa a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin kwana, kunnenka ya fi na rabin ajinmu kaifi. Jiya kuwa sai ka riƙa jan gaɓar da ba a ja, kana haɗiye wadda ake ja, kana tsayawa a tsakiyar ɗango kamar motar da mai ya yanke mata a kan gada. Kowane ɗango ka karya sai ka ɗago ido ka dube ni. Ba karatu kake yi ba, ƙugiya ka jefa, kuma ka san irin kifin da kake nema. Na ga mutum arba'in suna bin ka suna maimaitawa, suna zuba karyayyen kari a kawunansu wata biyu kafin jarrabawa.

Na daure baiti na farko. Na daure na biyu, na ciji leɓe. Na uku na riƙe gefen tebur har allin hannuna ya karye. A na huɗu na fizge littafin.

Baiti ashirin da biyu na rera, daga fari har ƙarshe, a kan ƙarar janareta, a kan gudumar maƙwabta. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗin muryata kamar jiya ba. Kwana goma sha biyu tana ɗaure, ta fito kamar ruwan da aka buɗe wa madatsa. Na ga Hadijatu ta rufe ido tana kaɗa kai tana buga cokali a gwiwa daidai da karin. Da na dire suka tafa. Kai kuma ka buɗe hannuwa ka ce, "Jama'a kun ji? Ga murya garau kamar rediyo. Wane likita?" Suka yi dariya, ka fita kana dariya.

Ba ka ga abin da ya biyo baya ba, domin na juya wa aji baya kamar mai goge allo. Tari ya sarƙe ni, na toshe baki da hankici, na cusa shi aljihu. Na sallame su da hannu. A cikin motar dawowa na ji kamar an zuba mini garwashi a wuya. Yau da asuba na buɗe baki zan yi kabbara, iska kawai ta fito. Ikilima ta dube ni, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ka nemi shaida mai hatimi. Buɗe ƙaramin ƙunshin da ke cikin ambulan ɗin nan. Hankicin jiya ne, ban wanke ba. Ga hatiminka nan, ja.

Hafizu.

*

Gwagwalada,
Laraba, 24 ga Satumba.

Zuwa ga Shugaban Makarantar Yamma ta Apo,

Bayan sallama da fatan alheri ga kai da waɗanda ke ƙarƙashinka. Na ga kiranka sau tara a wayata tun ranar Asabar. Ban ɗauka ba. Me kake so bebe ya ce maka?

Jiya Dokta Juliet ta sake dubawa. Ta daɗe tana kallon allon na'urar, sannan ta cire tabarau ta ce da Hausarta ta Jos, "Malam, kai da wa kuka yi faɗa? Wannan ba hira ya kawo shi ba, ihu ne." Na rubuta mata cewa waƙa ce. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya sayar da wuyansa a kan waƙar da ba tasa ba. Wata jijiyar jini ce ta fashe kusa da ƙarin. Ta soke ranar talatin, ta mayar da aikin ashirin da takwas ga Oktoba. A da cewa take tana sa rai. Jiya cewa ta yi za ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ni malamin harshe ne, na san nisan da ke tsakanin jimlolin nan biyu.

A hanyar dawowa na cika shafi guda da sunanka da abin da ya dace da shi, na miƙa wa Ikilima. Ta karanta, ta ninke, ta ce, "Saleh ya yi mugunta, Allah Ya gani. Amma ba shi ya buɗe maka baki ba. Kai ne ba ka iya jin an karya baiti ka yi shiru, ko da gidanka ke ci da wuta. Kuma da ka aika takardar nan tun farko, da ba mu zo nan ba." Na so in yi musu, ba murya. Kwana guda ke nan ina neman amsar da zan rubuta mata, ban samu ba. Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Rami biyu ne, ka haƙa ɗaya, na haƙa ɗaya, ni kaɗai na faɗa duka biyun.

A da kwana ɗaya na roƙa a bar mini. Yanzu ko shi ba na so. Na ajiye aikin yamma gaba ɗaya daga yau. Ga makullin kabad ɗin littattafai. Ga kuma takardar likitar, da hatiminta, ka ajiye tare da hankicin.

Ɗalibai ba su yi mini laifi ba, saboda haka ga littafina mai baƙin bango, na yanka dukkan waƙoƙin manhaja ƙafa-ƙafa a ciki. A ba Hadijatu. Ta kama karin ranar Alhamis, na gani a cokalinta. Ta riƙa rerawa suna amsawa, wani ya riƙa buga sifana a tebur yana riƙe musu kari. Kai kuwa, don girman Allah, kada ka sake taɓa waƙa a gabansu.

Na zo da rumfa muka kafa tare,
Na bar ta, ban ɗauki ko tsinke ba.
Abin da na bari a can ya fi ƙarfe,
Ba za ka same shi cikin kabad ba.

Wanda ya taɓa zama abokin aikinka,
Hafizu.

*

Gwagwalada,
Lahadi, 26 ga Oktoba.

Malam Saleh,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. An ce an kai Iya gashin ƙafa, Allah Ya sa a dace.

Jibi za a shiga da ni. Kumburin ya sauka, wata guda cur ban yi ko tari da ƙarfi ba. Ka san al'adarmu, wanda za a sa wa wuƙa yakan bi mutane ya nemi gafara, domin ba wanda ya san ko zai farka. Ikilima ta rubuta mini sunaye a takarda, na bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙo: 'yan'uwa, maƙwabta, malaman makarantarmu, har mai shagon da na taɓa yi wa tsawa a kan kwalbar manja. Sunanka ne na farko a takardar. Na tsallake shi na bar shi ƙarshe. Yau da safe ta ajiye mini biro da takarda, ta ce ba za ta haɗa mini jakar asibiti ba sai ta ga ambulan a rufe. Ka ga ba don raɗin kaina nake rubutu ba.

Ina neman gafararka a kan Kano. Ƙaryar kwana uku ce, ga shi ta haifi abin da ya fi ta girma. Ina neman gafarar Hajiya Rekiya musamman, domin na samu labarin ita ta buɗe ambulan ɗin hankicin, har ta zauna a ƙasa tana salati. Ba ita na nufa ba. Abin da na yi bai dace da mai shekaruna ba, ko da yake a ranar ya yi mini daɗi.

Saura naka. Takardunka uku sun iso, na karanta. Kalmar haƙuri ta fito sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Na ga ka goge saƙon nan daga zauren WhatsApp. Gogewa ba janyewa ba ce, Saleh. Allo ake gogewa. A gaban mutum arba'in ka mai da ni maƙaryaci, a cikin ambulan kake ba ni haƙuri. Lissafin bai fita ba, kuma kai ne malamin lissafi.

Duk da haka na yafe maka. Na yafe ne domin ba na son likita ta buɗe maƙogwarona ta tarar da kai a ciki. In ban farka ba, babu komai tsakaninmu a gaban Ubangiji, ka tsaya a kan karatun Yusra kamar yadda ka yi alkawari ranar sunanta. In na farka kuwa, akwai sauran magana, in an bar mini abin yin ta.

Kada ka zo asibiti.

Hafizu.

*

Gwagwalada,
Alhamis, 20 ga Nuwamba.

Saleh,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina sanar da kai cewa na farka, ko da yake ka riga ka sani. Na ce kada ka zo, ka zo. Ikilima ta gan ka a kan bencin barandar asibiti tun hantsi har la'asar, da fulas ɗin kunu a kan cinya, ba ka shiga ba, ba ka tafi ba. Ta ce da aka fito da ni ka miƙe, ka bi gadon da ido, ka ajiye fulas ɗin ka juya. Ba ka taɓa jin magana ba. Kunun kuwa ita da Yusra suka sha, ni ruwa kaɗai aka yarje mini.

An cire ƙarin, kuma gwaji ya nuna ba mugun iri ba ne, alhamdu lillahi. Shekaranjiya Dokta Juliet ta ce in gwada. Na yi sallama. Muryar da ta fito ban san ta ba, ƙasa-ƙasa take, da ɗan kaushi, kamar ta wani dattijon da ya kwana a hanya. Likitar ta ce magana za ta ƙara gyaruwa, zan iya koyarwa a ƙaramin aji in na samu lasifika. Na tambaye ta rerawa fa? Ta nuna mini wani farin tabo a allon na'urar, daidai inda jijiyar ta fashe ranar Alhamis ɗin nan. Ta ce wurin ba zai ƙara lanƙwasa yadda waƙa ke so ba. Ba ta ce wataƙila ba.

Baiti ashirin da biyun nan su ne na ƙarshe. Da na sani, da na zaɓi waƙar da ta fi ta kyau.

Hadijatu ta aiko mini da wasiƙa, shafi biyu, kuskuren rubutu uku kacal. Ta ce kwana biyu bayan aikin ka tsaya a gaban aji ka faɗi duk abin da ka yi, ba ka rage ba, har da cewa da gangan ka karya karin. Ta ce wani mai gyaran birki ya ce maka, "Oga, wannan ba kyau," ka ce eh, ba kyau. Sannan ka ɗauki littafina mai baƙin bango ka rera musu waƙar tun daga farko, daidai, ba tuntuɓe ko ɗaya, kuma tun ranar kai da ita kuke riƙe da darasin. Ta turo mini sautin a waya. Na saurara sau huɗu ina neman inda za ka faɗi, ban samu ba.

Ban san ko in gode maka ko in ƙara tsanarka ba. Shekara goma sha ɗaya kana da wannan a bakinka, ka bar ni ni kaɗai ina kokawa da janareta kwana huɗu a mako. Da ka karɓi kwana biyu tun farko, da yau muna rerawa mu biyu.

Ba zan dawo aikin yamma ba. Mota uku da ƙurar gareji sun ƙare a rayuwata. In ɗalibai na son a duba musu rubutu kafin jarrabawa, a kawo mini gida.

Likita ta yanka mini minti goma na magana a rana, har wata ya cika. Na raba su: huɗu na karatun salla, uku na Ikilima, ɗaya na Yusra. Biyu sun saura, kuma tun shekaranjiya nake riƙe da su ban kashe ba. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Kada ka kawo kunu, kada ka kawo haƙuri, na gaji da karanta shi. Ka zauna a gabana, ka yi shiru, ka ji abin da ya saura da kunnenka. In minti biyun sun cika, littafin yana hannunka, sai ka ɗauka daga baiti na huɗu, inda na fizge shi.

Ka gaishe da Iya.

Hafizu.